Ina wat 100 ɗin yake tafiya? Amsa kan eriyar motar-gida da abin da ƙasa ke sha

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa mazaunin jihar Teksas ta Amurka, wanda ya sami lasisin rediyon sha'awa, wato lasisin da ke ba mutum damar mallakar na'urar aika magana da karɓa domin nishaɗi da gwaje-gwaje, ba domin kasuwanci ba. Ya sayi motar-gida ta hannu, irin wadda Amurkawa ke kira RV, mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki a cikinta, bangonta na faiba ne, rufinta kuma roba ce aka lulluɓe shi da ita. Ya ɗaura eriya mai tsawon mita 2.5, mai naɗin waya a gindinta, a jikin tsanin da ke bayan motar, yana aikawa da ƙarfin wat 100 a zangon mita 40, wato sashen rediyon da ke wajen megahaz 7. Ma'aunin SWR, wanda ke nuna yadda eriya ta dace da kebul ɗinta, kuma 1.0 ce lambarsa mafi kyau, yana nuna masa 1.2 ba tare da ya sa wata na'urar daidaitawa ba, yana kuma jin tashoshi da dama, amma da ƙyar ake amsa kiransa, alhali wani abokinsa mai a-kori-kura da irin wannan eriyar ana amsa masa. Bugu da ƙari, duk sa'ad da ya danna makirfo sai ƙararrawar gas ta cikin motar ta ɓarke da ƙara. Yana so ya san ko sandar ƙarfe zai kafa a ƙasa, ko kuwa amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin aikawa, zai saya.

Malam, kada ka sayi ko ɗaya daga cikinsu tukuna, domin lambar nan ta 1.2 da kake farin ciki da ita, ita ce babbar shaidar cewa akwai matsala. Zan yi ƙoƙarin nuna maka dalilin da lissafi, tun da a wannan harka lissafin ya fi duk wata shawara gamsarwa.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, eriyar tsaye irin taka rabin eriya ce kawai. Wutar da na'urarka ke turawa ta cikin kebul tana hawa sandar, sannan dole ne ta sami hanyar dawowa zuwa rigar kebul ɗin ta waje, kamar yadda kwan fitila ba ya kamawa da waya ɗaya. Tana dawowa ne ta cikin iska zuwa duk wani ƙarfe ko ƙasa da ke kusa, ta bi ta cikinsu har ta koma gindin eriyar. Idan abin da ta tarar a ƙarƙashinta faffaɗan ƙarfe ne, za ta wuce ba tare da asara ba. Idan kuwa turɓaya da kwalta ta tarar, za ta bi ta cikinsu da ƙyar, kuma ƙarfin da ta kashe wajen wannan turjiya zafi yake zama a cikin ƙasa, ba ya zuwa kunnen kowa. Wannan shi ake nufi da asarar ƙasa. Jikin mota ba ya taɓa ƙasa saboda tayoyi, amma shi da ƙasar suna zama tamkar farantai biyu na kwandansa, wato farantan da ba su taɓa juna amma wutar rediyo ke ratsa tsakaninsu, don haka wani kaso na wutar yana ratsawa ta ƙasa ko da motar ƙarfe ce zalla. Bambancin mota da mota shi ne yawan wannan kason.

Yanzu ga lissafin. Tsawon zango a mita shi ne 300 a raba da adadin megahaz, saboda haka a megahaz 7.1 zango ɗaya ya kai mita 42. Eriyar tsaye cikakkiya rubu'in zango take yi, wato mita 10 da ɗoriya, kuma idan tana bisa shimfiɗar ƙarfe mai kyau, turjiyarta mai amfani, wadda ke wakiltar ƙarfin da ya fita sararin sama, kusan om 36 ce (om shi ne ma'aunin turjiya). Taka kuwa mita 2.5 ce, kwatan abin da ake bukata. Ga gajeriyar eriya mai naɗin waya a gindi, ana samun wannan turjiya mai amfani ta hanyar raba tsawonta da tsawon zango, a ninka sakamakon da kansa, sannan a ninka da 395. Idan ka yi haka za ka sami kusan om 1.4 a zangon mita 40, da kusan om 5.5 a zangon mita 20, da om 0.4 kacal a zangon mita 80. Naɗin wayar da ke gindin eriyar ba ya ƙara mata tsawo a idon sararin sama; aikinsa kawai shi ne ya soke turjiyar kwandansa da gajarta ta haifar, wadda a nan ta kai kimanin om 800, kuma shi kansa yana cin nasa rabon. Naɗi mai kyau, mai kaurin waya da faɗin zagaye, zai ci om 3 zuwa 4, siririn naɗi mai arha kuwa yana iya cin ninkin wannan sau biyu ko uku.

To, kebul ɗinka na om 50 ne, kuma SWR na 1.2 yana nufin abin da yake gani a ƙarshensa bai yi nisa da om 42 ba. A cikin om 42 ɗin nan, 1.4 ne kaɗai ke yi maka aiki. Ragowar om 40 da 'yan kai na naɗin waya ne da ƙasa da rigar kebul da wayoyin cikin mota. Idan ka raba 1.4 da 42 za ka ga kashi 3 cikin 100 ne ke fita, wato daga wat 100 da batirinka ke wahalar samarwa, wat 3 ne ke barin motar. Wannan ragi ne na kusan desibel 15, a ma'aunin da ake kwatanta ƙarfin sigina da shi, kuma tun da kowane mataki a ma'aunin S, wanda ke nuna ƙarfin sigina a rediyon mai sauraro, desibel 6 ne bisa ƙa'ida, kana isa gare shi da matakai biyu da rabi ƙasa da yadda ya kamata. Ma'aunin SWR ba ya bambanta turjiya mai amfani da marar amfani. Ko kwalbar gwaji mai om 50, wadda ba ta watsa komai sai zafi, tana ba shi cikakkiyar lamba ta 1.0. Akwai sharaɗi ɗaya a kan wannan hukunci nawa. Wasu eriyoyin suna zuwa da ƙaramin naɗin daidaitawa a ɓoye a cikin mazauninsu, don haka ka duba naka, idan akwai shi to lambar 42 ba ita ce ta gaskiya ba, sai ka cire shi kafin ka auna. Amma ƙararrawar gas ɗin da ka ambata ta sa ban cika shakka ba.

Dalilin da ya sa kake jin mutane su kuma ba sa jin ka ba wani abin mamaki ba ne. A ƙananan zanguna irin su mita 80 da mita 40, hayaniyar da ke zuwa daga sararin sama da na'urorin lantarki ta fi ƙarfin hayaniyar cikin rediyonka nesa ba kusa ba, saboda haka raunin eriya yana rage sigina da hayaniya a tare, kai kuma ka ƙara murya ka ci gaba da ji. Wajen aikawa babu wannan rangwame, domin hayaniyar da ke wurin mai sauraro ba ta raguwa saboda eriyarka ba ta da kyau.

Abokinka mai a-kori-kura ya fi ka ne saboda motarsa ƙarfe ce da aka yi wa walda, kuma eriyarsa tana zaune kai tsaye a kan wannan ƙarfen. Duk wanda ya taɓa ganin fararen motocin Land Cruiser na ƙungiyoyin agaji a Nijar ko Chadi ko Borno ya san katuwar eriyar nan ta kamfanin Codan da ake ɗaurawa a kan bambar gaba, kuma abin da ke sa ta aiki duk da gajartarta shi ne bodin ƙarfen da ke bayanta da kuma haɗin da aka yi mata da shasi. Motar-gida kuwa wani abu ne daban. Yawancin waɗanda ake ƙerawa a yankin Elkhart na jihar Indiyana da sauran wurare, bangonsu fallen faiba ne da aka manna a kan soso mai hana zafi, da firam na alminiyom ko na katako a tsakiya, kuma ba lallai ne wannan firam ya haɗu da shasi ta hanyar da wutar rediyo za ta yarda da ita ba. Ƙarfe mai yawa yana can ƙasa, wato shasi da inji da ɗakin direba, nesa da gindin eriyarka. Tsanin kuwa sau da yawa a jikin faiba aka ɗaure shi da sukurori, aka bi su da gam don kada ruwa ya shiga, don haka ta fuskar lantarki yana rataye ne shi kaɗai. Tirelolin Airstream masu fatar alminiyom, waɗanda aka fara yi tun shekarun 1930, su ne suka fita daban a wannan fanni, kuma masu su suna samun sauƙin da kai ba ka da shi.

Wutar da ta rasa hanyar dawowa ba ta haƙura, nema take yi. A motarka ta sami bayan rigar kebul, ta bi shi zuwa jikin rediyo, daga nan ta shiga wayoyin batir na bolt 12, waɗanda suka ratsa ko'ina a cikin motar har zuwa ƙararrawar gas da allon firij da ma'aunin tankin ruwa. Wato wayoyin gidanka ne suka zama rabin eriyarka na biyu. Wannan hanya tana aiki ta ɓangare biyu, domin kamar yadda siginarka ke shiga na'urori, haka ƙazantar inbata da cajar sola da fitilun LED ke bin kebul ɗin su dawo cikin kunnenka. Idan ka ƙara amfilifaya a wannan hali, abin da za ka ninka shi ne wutar da ke yawo a cikin ɗakin kwananka.

Batun sandar ƙarfe a ƙasa ba zai ɗauke mu lokaci ba. Sanda mai tsawon mita 2.4 irin ta masu wayarin tana da amfani wajen kariya daga tsawa da yoyon wutar gida, amma wutar rediyo tana bazuwa ne a saman ƙasa a faɗin mitoci da yawa kewaye da eriya, kuma sanda ɗaya ba ta tattara ta. Dole sai ta ratsa duk wannan turɓayar kafin ta iso sandar, asarar kuwa a nan take faruwa. Ga kuma haɗari, domin a filayen da ake ajiye motocin-gida akwai wayoyin wuta da bututun ruwa a binne ba da zurfi ba.

Abin da ke aiki an san shi tun da daɗewa. A shekarar 1937 injiniyoyin kamfanin RCA su uku, Brown da Lewis da Epstein, suka buga sakamakon awon da suka yi na yadda yawan wayoyin da aka shimfiɗa daga gindin eriya ke rage asarar ƙasa, kuma daga wannan aiki ne aka samo al'adar binne wayoyi 120 a gindin dogayen turakun tashoshin matsakaicin zango. Wayoyin suna ba wutar hanya ta jan ƙarfe maimakon ta turɓaya. Ba wanda zai shimfiɗa 120 a wurin da zai kwana biyu ya tashi, amma ba a bukatar haka, domin wayoyin farko su ne suka fi kawo riba, daga nan kuma ribar tana ta raguwa. Idan wayoyin a kwance suke a kan ƙasa, yawansu ya fi tsawonsu muhimmanci, kuma ba sai an yanka su daidai da wani zango ba. Waya 8 zuwa 16 masu tsawon mita 5 zuwa 6 kowace sun fi guda 2 masu tsawon mita 20. Idan kuwa an ɗaga su sama, lissafin yana canzawa. Wani injiniya mai suna Rudy Severns, mai lambar kira N6LF, ya buga awonsa a shekarar 2009, inda ya nuna cewa a zangon mita 40 wayoyi 4 masu tsawon rubu'in zango da aka ɗaga kimanin mita 1 da 'yan kai daga ƙasa suna yin kusan aikin guda 64 da ke kwance. Sai dai waɗanda aka ɗaga suna da tsirfa, dole a yanka su daidai, kowane zango da nasa, kuma a filin da yara ke guje-guje waya a tsayin ƙirji fitina ce.

Ni kaina na faɗa wannan ramin, shi ya sa na gane shi da wuri. Wata shekara a watan Janairu na je taron nan na Quartzfest, wanda masu rediyon sha'awa ke yi da motocinsu na gida a hamadar da ke kusa da garin Quartzsite a jihar Arizona, da eriya a kan tsani kamar taka da SWR mai kyau kamar naka. Kwana biyu ina kira a mita 40 ana amsa wa maƙwabtana. A rana ta uku wani dattijo da ke tirelar kusa da ni ya zo da ƙaramar na'urar awo ta NanoVNA, ya sa na cire kebul, ya haɗa ta a gindin eriyar kai tsaye, muka ga om 40 da ɗoriya. Sai ya ɗauko ƙullin tsohuwar wayar sifika, muka tsage ta biyu, muka yanka guda 8, muka ɗaure kawunansu a noti ɗaya a mazaunin eriyar, muka ja su bisa tsakuwa kamar ƙafafun gizo-gizo, muna danne bakin kowace da dutse. Lambar ta sauko ƙasa da 30, SWR ya haura kusa da 2, wurin da eriyar ke daidaita ya ƙuntata har sai da na riƙa sake saiti idan na ɗan matsa. Na ce masa ai mun ɓata ta. Ya yi dariya ya ce in kira. Tasha ta biyu da na kira ta amsa.

Wannan ƙuntatar alama ce mai kyau, kuma ya kamata ka riƙe ta a matsayin ma'auni. Gajeriyar eriyar da ke ba da SWR mai kyau daga farkon zangon mita 40 har ƙarshensa, wato daga megahaz 7.0 zuwa 7.3 a Amurka, asara ce ta shimfiɗe ta haka. Idan gyaranka yana tafiya daidai, turjiyar da kake aunawa a gindi za ta riƙa sauka, SWR zai riƙa hawa. Idan ta kai om 15, misali, SWR zai zama kusan 3.3, a sannan ne za ka sa ƙaramin naɗin waya tsakanin gindin eriya da mazauninta, zagaye 6 zuwa 8 na waya mai kauri a faɗin inci 1, ka riƙa matse shi ko buɗe shi har kebul ya ga om 50. A wannan matsayi kashi 9 cikin 100 ne ke fita maimakon 3, riba ta desibel 4 da ɗoriya ba tare da ka ƙara wat ko ɗaya ba.

Haɗa ƙarafan motar da juna shi ne aikin da ya fi gajiyarwa, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure, saboda suna dogara da mitar masu gyaran wuta. Mitar tana iya nuna cewa tsani da shasi a haɗe suke, amma wannan ga wutar batir ne kawai. Miƙaƙƙiyar waya ita ma tana turje wa wutar rediyo kamar naɗi, da kimanin maikrohenri 1 a kowace mita, wanda a megahaz 14 yake daidai da turjiyar kusan om 88, don haka waya mai tsawon mita 3 daga saman tsani zuwa shasi tana da fiye da om 130 a zangon mita 40, kuma ba hanyar dawowa ba ce, wani sashe ne na eriyar kanta. Abin da ake so shi ne faffaɗan ɗamarar jan ƙarfe ko saƙaƙƙiyar waya mai faɗin inci 1, gajeriya iya yadda zai yiwu, a wurare da yawa: ƙafafun tsani biyu zuwa shasi, bambar baya zuwa shasi, firam ɗin bango inda za ka iya kai masa, ɗakin direba, murfin inji, da salansa a wurare biyu ko uku domin a kan roba take rataye. A kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a sa washa mai haƙora, sannan a shafe wurin da man hana tsatsa. Inda jan ƙarfe zai haɗu da alminiyom a yi hattara, domin idan danshi ya shiga tsakaninsu alminiyom ɗin ne ke cinyewa, sai a raba su da washar ƙarfe marar tsatsa. Kuma kada a huda shasi ko bango ba tare da an san abin da ke bayansu ba, musamman bututun gas. Bayan wannan sai ka sa maƙura a kan kebul daf da gindin eriya, wato ka naɗa kebul ɗin sau 10 zuwa 12 a cikin babban zoben ferait mai lamba 31, domin ka rufe wa wutar hanyar shiga gida. Ka lura cewa maƙurar ita kaɗai ba ta gyara komai. Idan ka toshe wannan hanya ba ka buɗe wata ba, eriyar za ta ƙi saituwa ne kawai.

Mazaunin eriyar ma yana da tasiri. Duk sashen sandar da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsani ko firam ɗin bango yana mayar da wutarsa can kai tsaye ba tare da ta watsu ba, kuma naɗin wayar da ke kusa da ƙarfe asararsa tana ƙaruwa. A ɗaga ta har naɗin ya haura rufi. Matsalar ita ce tsayi, domin motarka ta riga ta haura mita 3, iyakar da doka ta yarda da ita a jihohi da yawa kuwa ƙafa 13 da inci 6 ce, a Teksas ƙafa 14, don haka eriyar da ke kan rufi dole ta zama mai kwantawa idan za a hau hanya. Mayar da naɗin wayar tsakiyar sanda maimakon gindinta yana iya kusan ninka turjiya mai amfani, haka ma sa mata hular wayoyi a can sama, kuma wannan ne ya sa eriyoyin da ake kira sukurdireba, masu ƙaramin inji a jikinsu da ke saita naɗin, ana sarrafa shi daga cikin mota, suka karɓu sosai.

Amma ra'ayina, wanda na fi so ka ɗauka a cikin duk wannan bayani, shi ne mai motar-gida yana ɓata ƙarfinsa idan ya nace wa eriyar tafiya. Nawa ne cikin lokacin da kake magana a rediyo motar ke gudu? Kusan duka a tsaye take, kuma motar da ke tsaye tasha ce, ba ta da dalilin zama da sandar mita 2.5. Tun da tsawo ana ninka shi da kansa ne a lissafin nan, ninka tsawon eriya sau biyu yana ninka turjiya mai amfani sau huɗu. Sandar faiba mai zugewa kamar ta kamun kifi, mai tsawon mita 10 zuwa 12, tana naɗewa ta koma mita 1 da 'yan kai, ana ɗaure ta a jikin tsanin nan naka, a manna mata waya mai tsawon mita 10. Ko da asarar ƙasa ta tsaya a om 10, rabon da ke fita shi ne 36 a raba da 46, wato kashi 78 cikin 100. Idan ka gwada da kashi 3 na yanzu, ƙarfinka ya ninka fiye da sau 20, kusan desibel 14. Amfilifaya mai wat 500 desibel 7 kawai za ta ba ka, tana jan fiye da amfiya 60 daga batir, kuma ko ka kai iyakar wat 1500 da FCC, hukumar sadarwa ta Amurka, ta yarda da ita, ribar ba ta cika desibel 12 ba. A zangon mita 20 abin ya fi sauƙi, domin sandar ƙarfe mai zugewa ta ƙafa 17 cikakken rubu'in zango ce ba tare da wani naɗi ba.

Akwai kuma hanyar kauce wa ƙasar gaba ɗaya. Waya mai rabin zango, kimanin mita 20 a zangon mita 40, idan an ba ta wuta a tsakiya ɓangarorinta biyu suna cika juna, ba ta neman hanyar dawowa ta ƙasa. Idan kuma an ba ta wuta daga baki ɗaya ta hanyar taransifoma mai rabon 49 da 1, turjiyarta a wurin tana kai om 2000 zuwa 3000, don haka om 10 ko 20 na asarar ƙasa ba su zama komai ba a gefenta, kuma wayar ɗaya tana aiki a mita 40 da 20 da 15 da 10. Irin wannan waya, idan tana kwance a tsayin mita 5 zuwa 8, tana harba siginarta sama ta dawo ƙasa a kewayen kilomita ɗaruruwa, wurin da eriyar tsaye ta fi rauni, domin ita ba ta harbawa sama kai tsaye. Idan mutanen da kake kira na cikin Teksas ne da jihohin da ke maƙwabtaka da ita, wannan ma yana cikin dalilan da suka sa ba sa jin ka. Kafin ka ɗaga kowace sanda ka ɗaga kai ka duba wayoyin wutar gari, ka bar tazarar da ko sandar ta faɗi ba za ta taɓa su ba.

Akwai wani nau'in asarar ƙasa da wayoyin shimfiɗa ba sa magancewa, kuma ya kamata ka san shi don kada ka zargi aikinka a banza. Siginar da ke fita ƙasa-ƙasa, wadda ita ce ke zuwa ƙasashe masu nisa, tana dukan ƙasa a tazarar zanguna da yawa daga motar kafin ta tashi, kuma irin ƙasar da ke can ita ke yanke hukunci. Ruwan teku yana ɗaukar lantarki fiye da matsakaiciyar ƙasar noma kusan sau 1000, busasshen rairayi da dutse kuwa sun gaza ƙasar noman ma. Wanda ya san bambancin jigawa da fadama a lokacin rani ya riga ya fahimci abin. A kan matsakaiciyar ƙasa siginar eriyar tsaye tana raunana sosai a kusurwar da ta gaza digiri 15, a bakin teku kuwa tana riƙe ƙarfinta har kusan layin ƙasa. Kai da ke Teksas kana da gatan da yawancinmu ba mu da shi, domin idan ka ajiye motar daf da ruwa a gaɓar Galveston ko tsibirin Padre, eriyar da ta ba ka kunya a yammacin jihar za ta iya kai ka Kudancin Amurka da Afirka. Wurin kwana da ka zaɓa yana iya fin duk wani gyara tasiri.

A zangon mita 2 duk wannan damuwa tana ƙanƙancewa, domin rubu'in zango santimita 49 ne kacal. Fallen alminiyom mai faɗin mita 1 a kan rufi ya isa, ko kuma ka sayi eriyar rabin zango irin wadda ba ta bukatar ƙarfe a ƙarƙashinta.

Wajen gwada ko gyara ya yi, kada ka dogara da cewa an amsa maka a tsarin FT8, wato tsarin aika gajerun saƙonni ta kwamfuta. Wannan tsari, wanda Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a shekarar 2017, yana tsamo saƙo daga can ƙarƙashin hayaniya, don haka ko da wat 3 yana kai mutum nesa, ya sa shi zaton eriyarsa lafiya take. Amfaninsa shi ne lambobin da tashoshi masu karɓa ke bayarwa, waɗanda ake gani a shafin PSK Reporter: ka aika da tsohon haɗin eriyar, ka canza zuwa sabon cikin 'yan mintuna, ka sake aikawa, ka kwatanta lambobin tashoshi iri ɗaya, ka maimaita sau da yawa saboda yanayin sararin sama ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sannan ka sani cewa idan eriyar ta gyaru haɗarinta ma yana ƙaruwa. Wat 100 a cikin om 15 yana nufin kusan amfiya 2.6 a gindi, kuma wannan wuta idan ta ratsa naɗi mai om 800, abin da ke saman naɗin ya kai bolt 2000. Ka tabbata babu hannun yaro ko rumfar motar maƙwabci da zai kai wurin, haka ma bakin wayoyin da aka ɗaga daga ƙasa, a rufe su da tef a kuma ɗaura musu ƙyalle mai launi yadda mai wucewa da dare zai gani.